Rabi a aji, rabi a waya

Ni malamin jami'a ne a Jihar Kebbi, fannina ƙasar noma da ban-ruwa. Tun ƙarshen 2021 nake riƙe da wani kwas da muke koyarwa tare da wata jami'a ta Ingila, a kan sarrafa ruwa a noman shinkafar rani. Ɗalibanmu da nasu karatu ɗaya suke yi, wani ɓangare ta intanet, wani a aji, wani a fadama. Abokan aiki daga Gusau da Sakkwato sun sha kirana suna tambayar ta ina ake farawa, domin su ma manyansu sun sa hannu a takardar yarjejeniya, an ɗauki hoto, an miƙo musu fayil an ce su je su aiwatar. Amsar ta fi ƙarfin kiran waya, shi ya sa na zauna na rubuta abin da idona ya gani. Ba zan kama sunan jami'armu ko tasu ba, saboda akwai tuntuɓe a labarin, namu da nasu.

Da farko yarjejeniyar ta ziyara ce, malamai biyu su je can, biyu su zo nan. Annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, jirage suka tsaya, kuɗin tafiya ya kwanta a asusu. Sai abokanmu na can suka kawo shawarar a mayar da abin karatu ta intanet, yadda aji guda zai amfana maimakon mutum huɗu. Muka yi na'am ba tare da mun san nauyin abin da muka ɗauko ba.

Ranar farko, wata Talata a Nuwamban 2021, ɗalibai arba'in da shida suka cika ɗaki. Kayan aikinmu kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, majigi, da wayata da na kunna tana raba intanet. Malamar can ta bayyana a bango tana murmushi, ta fara gaisuwa, sai hoton ya daskare bakinta a buɗe. Da ya dawo, muryarta na fita ta 'yar lasifikar kwamfuta wadda ko layi na uku ba ta kaiwa, ga fankoki huɗu na kaɗawa. Wasu ɗalibai, don su ji da kyau, suka shiga taron da wayoyinsu, nan take ɗakin ya ɗauki irin ƙarar nan ta masallaci idan makirufo ya kusanci lasifika. Minti ashirin da biyar aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareto majigi ya sake kamawa, Zoom ya yanke mu, domin da asusun kyauta na buɗe taron, shi kuwa minti 40 yake bayarwa. Da aka tashi na tambayi wani na layin gaba me ya ɗauka. Ya ce, "Wallahi Malam, mun dai ga bakinta na motsi." A rahoton da aka aika wa masu ba da tallafi, an rubuta cewa zaman farko ya gudana.

Duk wanda zai fara, da sauti zai fara. Ɗalibi na jure hoto mai hazo, amma in murya na yankewa sau uku a jimla ɗaya, hankalinsa ya tafi. Dokar farko da muka kafa: na'ura ɗaya tak ke da kunne da baki a ɗakin. Duk wanda ya shiga da wayarsa sai ya kashe makirufo da lasifika gaba ɗaya, in ba haka ba muryar ta fita nan ta koma can ta dawo, shi ne ƙarar. Muka sayi lasifika mai ƙarfi guda biyu, ƙaramar mikisa mai haɗa sauti, da makirufo na hannu marar waya wanda ake miƙa wa mai tambaya. Ɗakin siminti ne da tayil, murya na dukan bango ta dawo, na can suna jin mu kamar muna cikin rijiya. Mai kula da ɗakin kwamfutarmu ne ya kawo maganin, ya sayo tabarmi a kasuwa ya kafa su a bangon baya, aka sa labule mai kauri a tagogi. Fankar da ke saman mai magana kuma ita ake kashewa, a bar sauran. Kwamfutar da ke riƙe da taron ana haɗa ta da kebul kai tsaye, ba ta waifai ba, sannan a canja kalmar sirrin waifai ɗin a lokacin darasi, don wayoyi arba'in da ke sabunta manhajojinsu a aljihu su ne ke shanye layin. Idan za ka gwada layi, dubi saurin aikawa, kada saurin saukewa ya ruɗe ka. Kana iya ganinsu tas, su kuwa ba sa jin ko kalma ɗaya taka.

Sai lissafin data, wanda shi ne ya sauya tsarin kwas ɗin gaba ɗaya. Taron bidiyo na mutane da yawa yana cin kusan rabin gigabayit a awa, in hoton ya yi kyau ya kai ɗaya ko ya wuce. Murya zalla kuwa ba ta wuce megabayit 35 a awa ba. Laccocin da suka naɗo mana kowace minti hamsin ce, mai kaifin hoto, wata ta haura gigabayit. Su a wurinsu wannan ba komai ba ne, intanet ɗin gida da na makaranta ba a ƙirga musu. Ɗalibarmu da ke komawa Bagudo ƙarshen mako, mai sayen data ta kwana ɗaya, lacca ɗaya ta cinye mata kuɗin mota. Na rubuta wa abokiyar aikina ta can wannan lissafi ƙarara, da farashin data da abin da ɗalibi ke samu daga gida a wata. Ta ce ba ta taɓa duba nauyin fayil ɗinta ba. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa ba ta dalili.

Abin da muka koma yi shi ne yanka kowace lacca gida huɗu ko biyar, kowane yanki kada ya wuce minti goma, a kan batu ɗaya. Sai a matse shi da HandBrake, manhajar kyauta ce, a saukar da kaifin hoton zuwa 480. Bidiyon da rubutu ne da zane da murya, in aka matse shi haka, minti goma ba ya wuce megabayit ashirin da 'yan kai, kuma rubutun na karantuwa a waya matuƙar an yi shi manya. Kowane yanki yana da abokan tafiya biyu: muryar kaɗai, da takardar da aka rubuta duk abin da aka faɗa. Muka ɗora su a Moodle, dandalin karatu ta intanet, wanda manhajarsa ta waya ke bari a sauke darasi a karanta ba tare da sabis ba. Sannan muka ɗauki wata tsohuwar kwamfutar tebur muka mayar da ita saba, wato rumbun ajiye darussa, a cikin ɗakin, ɗalibi ya shigo da wayarsa ya kwashi darussan mako ta waifai ɗin ɗaki, ko kwabo bai kashe ba. Daga nan kuma su ke tura wa juna. Zaman kai tsaye da Ingila ya koma sau ɗaya a mako biyu, awa ɗaya, kuma ba a lacca a cikinsa. Tambaya ce da muhawara kawai, don asara ce a tara mutane a ƙona man janareto a saurari abin da za a iya ji a ɗaki.

Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi ta rarrafe kwana da kwanaki, karatunmu bai tsaya ba. Darussan suna cikin wayoyi da tsohuwar kwamfutar nan.

Wuta kuwa lissafi ce, kuma mu ma mun fara kuskurenta. Kwamfuta ashirin kowace na jan kusan wat 45, wat 900 ke nan. Majigi 300, fanka huɗu 300, rauta da lasifika da saba a ba su 200. Jimla wat 1,700, a awa huɗu kilowat-awa 6.8. Batir mai amfiya 200 da bolt 12 yana riƙe 2.4, amma na darma rabinsa kawai ake sha in ana son ya yi rai. Shida ke nan ake buƙata, inbata mai bolt 48 kuma huɗu-huɗu take ɗauka, don haka takwas. Mu da farko huɗu aka kawo mana, aka jibge su a wani lungu marar taga. A watan Afrilu zafin nan na wuce digiri 40, batirin darma kuwa duk ƙarin kusan digiri goma a kan 25 yana rage masa rabin kwanansa. Ba su cika shekara biyu ba suka kumbura. Lokacin hunturu kuma ƙura ke rufe farantan sola, in ba a wanke su sau biyu a mako da sassafe ba, sai a ga batir ya ƙi cika ana ta zagin mai haɗawa. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, ya gyara mana layi ƙwarai, sai dai shi ma yana jan wutarsa, kuma ruwan sama mai ƙarfi na iya katse shi na ɗan lokaci.

Akwai matsalar da ba kebul ke gyara ta ba. Turancin malamar na da sauri, tana haɗiye ƙarshen kalmomi, namu kuma na mata nauyi. Fassarar rubutu da na'ura ke fitarwa a ƙasan bidiyo tana mayar da "fadama" da "Argungu" wasu kalmomi da ba su da uwa ba su da uba, sai mun bi da hannu mun gyara. Sannan in ta ce akwai mai tambaya, sai ɗakin ya yi tsit. Ta ɗauka ba a karanta ba. Na ce mata a nan yaro ba ya katse malami, kuma ba ya son ya yi kuskuren Turanci a gaban baƙi da 'yan ajinsu. Ta roƙe su su riƙa kiranta da sunanta kawai, kamar yadda ɗalibanta ke yi. Suka ƙi. Har yau Malama suke ce mata, ita ma ta saba, da shi take sa hannu a saƙonninta. Abin da ya buɗe bakinsu shi ne zaman kwana ɗaya kafin taron, mu kaɗai, inda ake tattauna darasin da Hausa, kowane rukuni ya rubuta tambaya biyu a takarda ya zaɓi wanda zai karanta. A wannan zaman ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya gyaɗa kai kawai. Duk kwas ɗin da ya mayar da malamin gida mai kunna majigi, ya zubar da rabin karatun.

Agogo ya taɓa kunyata mu. Ingila na ƙara awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Lokacin sanyinsu muna gabansu da awa ɗaya, lokacin zafinsu agogonmu ɗaya. A 2023 canjin ya faɗo ranar 26 ga Maris, 'yan kwanaki da kama azumi. Zaman da ke ƙarfe biyu a wurinsu, uku a wurinmu, ya dawo biyu a ko'ina. Kalandar kwamfutarsu ta gyara kanta, jadawalinmu na manne a allon sanarwa. Muka taru ƙarfe uku da ƙishirwa, su sun jira sun watse. Tun daga nan da agogon Najeriya ake rubuta kowane zama, kuma ana duba ranar canjin tun kafin a fara. Lokacin da ya fi mana shi ne tsakanin goma na safe da sha biyu: ba a shiga Azahar ba, rana ta ɗaga sola na bayarwa, matan aure kuma ba sa fargabar yamma ta yi musu a hanya. Juma'a ba a sa komai. Wanda abokinsa ke Malesiya ya sani suna gabanmu da awa bakwai, na Niyok kuma suna bayanmu da biyar ko shida.

Kalandar shekara ta fi agogo wuya. Tasu a kafe take, ana sanin ranar jarrabawa tun shekara biyu kafin ta zo. Tamu tana motsi. Zagaye na biyu mun tsara shi ya fara a Fabrairun 2022, sai yajin aikin malaman jami'o'i ya fara ranar 14 ga watan, bai ƙare ba sai Oktoba. Ɗalibansu suka yi kwas ɗin su kaɗai suka gama. Daga nan muka daina haɗa zangon karatu gaba ɗaya. Kowa na koyar da nasa kwas a nasa lokaci, sai mako shida a tsakiya da ake haɗuwa, kuma an gina makonnin nan yadda za a iya ɗaga su gaba ko baya ba tare da rushe sauran ba.

Rajista ma ta kayar da wasu tun kafin a fara. Shafin jami'ar can na aiko da mahaɗi ta imel, wato adireshin da ake latsawa a shiga, wanda ke mutuwa bayan 'yan kwanaki, sannan ya turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya. A Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, ɗalibanmu 'yan can suna gida, sai mutum ya ƙetara wata jiha kafin ya yi kira. Da suka dawo mahaɗin ya mutu, ofishin da ke sabuntawa kuma na can, amsar imel ɗaya na ɗaukar kwanaki. Yanzu a ɗaki ɗaya rana ɗaya ake yi wa kowa rajista, da wani ma'aikacinsu a kan layi.

Inda na fi tsayawa da ƙafata shi ne abin da ake koyarwa. Tsarin farko laccoci goma sha biyu ne, duk daga can, misalansu na feshin ruwa ne a gonakin dankalin Turawa. Ilimi ne mai kyau, amma ɗan Suru ko Augie da ya tashi yana jan tiyo a fadama bai ga kansa a ciki ba. Muka ce rabin bidiyon mu za mu yi, kuma aikin rukuni ya zama wanda ba ɓangaren da zai iya gamawa shi kaɗai. Kowane rukuni ɗalibanmu huɗu ne da nasu biyu, a ba su gona ɗaya ta gaske. Na can su yi lissafin ruwan da shinkafa ke buƙata da CROPWAT, manhajar hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Namu su shiga gonar da durom da agogon waya.

Ga yadda abin yake. Injin ban-ruwa in ya cika durom mai lita 200 a daƙiƙa 40, yana ba da lita biyar a daƙiƙa. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta lita 10,000 ce. In lissafi ya ce shuka da rana na shan milimita takwas a yini, lita 80,000 ke nan a hekta ɗaya, wato injin ya yi aikin kusan awa huɗu da rabi. Wani rukuni suka kawo wannan amsa cikin alfahari, sai namu suka ce ai mai gonar kusan ninkin haka yake kunnawa. Ɗalibin can ya rubuta cewa manomin na ɓarnar ruwa. Wata ɗalibarmu ta ɗauki bidiyon minti ɗaya: ta kafa ma'auni a fangali da yamma, ta dawo da safe, ruwan ya sauka da yawa alhali rana ba ta fito ba. Ƙasar jigawa ce, ruwan ƙasa yake zurarewa, ɗalibin can kuwa da ƙasar laka ya cika gurbin a manhajar. Mako guda suna kai-komo a kan wannan, kuma ban ga laccar da ta koyar da ɓangarorin biyu abin da wannan gardama ta koyar ba.

Daga nan suka gwada dabarar nan ta cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, ta barin gona ta sha iska tsakanin ban-ruwa. Ana samun bututun roba mai tsawon santimita 30, a huda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a fangali a kwashe ƙasar ciki. Ba a sake kunna inji sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a cika ya hau kamar santimita biyar. Lokacin da shinkafa ke fure ba a yin wannan wasa, a bar mata ruwanta. Bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, duk abin da zai rage awannin inji manomi zai tsaya ya saurara.

Maki da yunit su ne suka fi cin takarda. Mu yunit ɗaya awa ɗaya ce ta lacca a mako har mako goma sha biyar, don haka kwas mai yunit uku awa 45 ne gaban malami. Su kowane kiredit awa goma ce ta duk wahalar ɗalibi, har karatun ɗaki, kwas mai kiredit 15 awa 150 ke nan. Sai tambaya ta taso a kwamitinmu: kallon bidiyo a waya zama gaban malami ne? Aka yi wata uku ana jan wannan. Mafitar da ta fi sauƙi ita ce kada a ƙirƙiri sabon kwas. Aka sa makonni shidan a cikin kwas da majalisar jami'a ta riga ta amince da shi, aikin rukunin ya ɗauki maki 30 na gwajin cikin zango, jarrabawar ƙarshe ta zauna da 70 ɗinta, kowace jami'a ta ba nata ɗalibai maki. Sabon tsarin manhajar karatu na hukumar jami'o'i ta ƙasa, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta, ya ƙara buɗe ƙofa ga mai son yin kwas na musamman. Hannun ba da maki ma ya bambanta. Saba'in babban maki ne nan da can, amma su da wuya su haura tamanin, kuma suna ba da maki a kan hujja ko da amsar ta karkace, mu kuwa mun fi duba ko an dace da abin da ke takardar amsa. Kafin kowane zagaye muna musayar ayyuka goma da aka goge sunaye, kowa ya duba nasa, sannan mu zauna a kan waɗanda tazararmu ta wuce maki biyar.

Sun so a yi jarrabawa da manhajar da ke gadin ɗalibi ta kyamara. Muka gwada da mutum goma. Wanda wuta ta ɗauke masa ta ce ya ɓace, wanda ƙanensa ya yi sallama ta ce ana ba shi amsa, wadda ta zauna a ɗaki mai duhu ta kasa gane fuskarta. Muka koma takarda da biro da mai sa ido. Game da kwafe kuma, musamman tun da manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa suka yaɗu, minti biyar na tambayar baki ya fi kowace na'ura. Ka ce wa yaro ya nuna maka inda ya kafa durom ɗinsa, nan take za ka sani.

Dole a gaya wa ɗalibai gaskiya tun ranar farko. Da yawa sun shigo ne da zaton hanyar biza ce, ko za su fita da digirin Ingila. Takardar shaidar halarta ce kawai. Digirin haɗin gwiwa wani babi ne daban da ke buƙatar amincewar hukumar jami'o'i, wadda ta fitar da ƙa'idojinsa a 2023. Ranar da na faɗi haka mutum bakwai ba su dawo ba, gara da suka tafi da wuri.

Ɗalibai mata sun koya mana wasu abubuwa da ba sa cikin yarjejeniya. Wata wayar mijinta take ara, sai dare take samu. Wata ba ta yarda a ga fuskarta a kyamara ba, muka ce kunna kyamara ba dole ba ne, kuma ba ya cikin maki. Zauren WhatsApp na haɗe da muka buɗe da farko ya fallasa lambar kowa ga kowa, wasu suka fara samun saƙonnin da ba na karatu ba, suka fice shiru ba su gaya wa kowa ba. Yanzu hirar rukuni a Moodle ake yi, WhatsApp na sanarwa ne kawai, malami kaɗai ke rubutu. Hoton ɗalibi kuma ba ya hawa shafin kowace jami'a sai ya sa hannu, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta tanadi haka.

A takardar yarjejeniya, layin da ya kamata a nema da fitila shi ne na wanda ya mallaki darussan. Na zagayen farko a shafinsu aka ajiye, da kwas ya ƙare asusunmu ya rufe, har bidiyon da mu muka ɗauka sai da muka roƙa. Yanzu komai na da kwafi a sabarmu, kuma an rubuta cewa kowane ɓangare na da ikon amfani da shi ya gyara. Layi na biyu shi ne kuɗin tafiyar da aiki. Tallafi na son sayen abin da za a ɗauka a hoto, ba ya son biyan data ta wata-wata, canjin batir, ko alawus ɗin mai kula da ɗaki, wanda in ya yi zazzaɓi ranar ba darasi. Darajar naira ta faɗi, kuɗin data ya ƙaru a farkon 2025, abin da aka ware a 2021 ya zama kuɗin cefane.

A zagayen da ya wuce muka kai wayar fadama kusa da Argungu, aka yi zaman kai tsaye da murya zalla daga bakin gona, mai gonar na tsaye da mu, dattijo ne da ya haura sittin. Wani ɗalibi daga can ya tambaya ta yaya yake sanin lokacin kunna inji tun da ba shi da bututu. Ɗalibarmu ta ce, "Baba, wai yana tambaya, da me kake gane gona na son ruwa?" Ya taka fangalin da diddige ya ɗaga, ya nuna mata gurbin. "Ɗiyata, hwaɗa mishi in na taka ruwa bai taso cikin sawuna ba, lokaci ya yi. Haka munka iske ana yi." Ta fassara. Aka yi shiru a can, sai muka ji Malama na cewa a auna. Ɗalibai suka leƙa bututun da suka kafa a gefe, ruwan na santimita goma sha uku ƙasa. Dattijon ya tambayi abin da suka gani, aka gaya masa. Ya ce to, su bar masa bututun in sun gama, yaransa ba su iya taka ƙasa ba.

Tallafin ya ƙare bana. Malama ta ce za ta ci gaba ko ba kuɗi, shugaban sashenmu ya yarda data ta fito daga asusun sashe. Batir huɗu daga cikin takwas sun fara rauni, na rubuta takardar neman canji tun watan jiya, tana ofis na uku.